Tabkin Gidimuni: Ruwa Biyu a Ƙasar Ƙishirwa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a birnin Damagaram ba sai an fassara masa kalmar ƙishirwa ba. Tun kafin kiran assalatu mata da yara sun jera bido a bakin famfo, 'yan ga-ruwa suna kai da kawowa tsakanin Birni da Zango, ma'aikaci kuma yakan fita wurin aiki bai san ko zai tarar da ruwan wanka in ya komo ba. Birnin da ƙidayar 2012 ta ba mutum fiye da 300,000 yana zaune ne bisa dutse, dutsen da ba ya riƙe ruwa. Shi ya sa ake jawo masa abin sha daga nesa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya a kudu, da na Arunguza da Ganaram a arewa.

Amma in mutum ya hau mota ya miƙi hanyar gabas, wadda ta nufi Gure da Difa, ya wuce Mirya, bayan kilomita wajen 70 sai ya iske wata duniya dabam. Tsakanin tuddan rairayi ga kwari kore shar, ga dabino da goriba sun yi rumfa, ga garake na rake da rogo da albasa, a tsakiya kuma ga ruwa shimfiɗe, tsuntsaye na shawagi bisansa. Wannan shi ne tabkin Gidimuni, wanda ke riƙe ruwa rani da damina a ƙasar da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 ba.

Yawancin 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke bin wannan hanya sun san Gidimuni ne da wurin da direba ke tsayawa a yi salla, a sayi rake, a wuce. Kaɗan ne suka taɓa takawa har bakin ruwan. Alhali kuwa wurin yana da tarihi, yana da halittun da ake tasowa daga Turai don ƙirga su, kuma yana da abokan gaba da ke cinsa a hankali ba tare da ƙara ba.

Abin da Abdulkarim ya gani

A ƙarshen watan Nuwamba na 1852 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanen Barno da na ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya bar Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani, ya nufi yamma da niyyar zuwa Tumbuktu. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, abokan tafiyarsa biyu kuwa, Richardson da Overweg, duk sun riga sun rasu a hanya. Ya ratsa ƙasar Muniyo, ya gana da sarkinta a Gure, kuma 'yan kwanaki kafin ya shiga Zinder ran 25 ga Disamba ya yada zango a wani kwari mai idanun ruwa da ya rubuta sunansa Badamuni. Siffar da ya bayar, da inda wurin ya faɗa a hanyarsa tsakanin Gure da Mirya, sun dace da Gidimuni.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tabki ɗaya mai ciki biyu. Ɗan mashigi ne ya haɗa su, amma ɗaya ruwan daɗi ne, ɗayan kuwa ruwan kanwa, har launinsu ya bambanta ga mai kallo daga bisa tudu. Ya ga gonakin auduga da kayan lambu ana shayar da su daga idanun ruwa, ya ga mutane suna zaune cikin wadata a inda kewayensu duk rairayi ne. Littafinsa da ya fito a 1857 da 1858 ya kai labarin wurin har Turai. Cikin ayarinsa, abin da ba a cika tunawa ba, akwai wani yaro Bahaushe ɗan wannan ƙasa, Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bawa yana ƙarami, Overweg ya 'yanta shi. Shi ne daga baya ya je Ingila, labarin rayuwarsa da ya bayar da bakinsa ya shiga littafin Magana Hausa na 1885.

Ruwa biyu a kwari ɗaya ba aikin aljannu ba ne. Rairayin tuddan da ke kewaye da tabkin tamkar soso yake. Ruwan damina da ya sauka a kansa ba ya gudu ya tafi kamar yadda yake yi bisa duwatsun birnin Damagaram. Nutsewa yake yi, ya taru a ƙarƙashi, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali a gindin tudu har wata damina ta zagayo. Inda idanun ruwan ke ɓulɓulowa kullum sabon ruwa ne, don haka yake da daɗi. Can inda ruwan ya je ya tsaya kuwa, ba shi da mafita, rana ce kaɗai ke ɗibarsa. Ita kuwa rana ruwa take ɗauka, ta bar gishiri da kanwa, shekara bisa shekara. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin labarin Gidimuni: tabkin ba daga wani gulbi mai nisa yake sha ba, daga tuddan da ke kansa yake sha. Duk abin da ya sami tuddan nan, to ya sami tabkin.

Kanwa ba abin raini ba ce a tarihin kasuwancin wannan ƙasa. Daga kwaruruwan Manga da Muniyo fatake suka riƙa lodinta bisa jakai da takarkarai da raƙuma zuwa Kano, inda ake sayenta don lasar dabbobi, da girki, da taba, da magani. Hanyar Barno zuwa ƙasar Hausa ta bi ta waɗannan wurare ne saboda ayari ba ya tafiya sai daga ruwa zuwa ruwa. Masarautar Damagaram kanta a wannan gefe ta samo tushe. Sunanta na wani ƙauye ne da ke arewa da Gidimuni, Damagaram ta Kaya, kuma sai a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da fada Zinder. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya gina ganuwa, ya ƙera manyan bindigogi, ikon Damagaram ya shimfiɗu gabas har ya rufe Muniyo. Wanda yake son wannan tarihi a tsanake sai ya nemi littafin André Salifou na 1971 a kan Damagaram a ƙarni na 19.

Akwai wata doka da ake dangantawa da sarakunan wancan zamani wadda ta shafi zancen nan kai tsaye. Ana ba da labari cewa wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram a bakin ransa, wanda ya sassabe masa reshe ba izini a bakin hannunsa. Hukuncin ya yi tsanani, babu mai fatan ya dawo. Sai dai ya nuna cewa mutanen da sun san darajar itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya tofo da rani ya ba dabba inuwa da abinci, saiwarsa kuma ta daɗa wa ƙasa ƙarfi.

Daga Tirmini zuwa fari

Faransawa sun ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ransa a wannan shekara. Daga 1911 Zinder ta zama hedkwatar mulkinsu a Nijar, amma a 1926 suka kwashe suka koma Yamai a bakin Kwara, kuma cikin dalilan da suka bayar har da ƙarancin ruwa. Damagarawa ba su manta ba har yau. Abin lura shi ne ruwan yana nan a ƙasar, a kwaruruwan gabas da na Korama a kudu. Birnin ne ya zauna inda babu shi.

Wani abin da mulkin mallaka ya bari, wanda illarsa ta daɗe fiye da shi, shi ne dokar daji ta 1935. Ta mai da daji mallakar hukuma, ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da takarda, ta sa ma'aikatan gandun daji cin tarar manomi a kan itacen da ya tsiro cikin gonarsa. Manomi ba wawa ba ne. Da ya ga itace ya zama abin jawo masa tara, sai ya riƙa cire shi tun yana tsiro. Gwamnatocin bayan 1960 sun gaji wannan tsari kusan yadda yake. Da farin 1973 da 1974 ya zo, sa'an nan na 1984, sai suka iske ƙasa tsirara. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe a tsaye, tuddan da ciyawa ta daɗe tana riƙe da su suka kwance suka fara tafiya.

Taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada shi ne ya fara juya akalar. Sannu a hankali hukuma ta sassauta, dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka buɗe wa talaka ƙofar cin amfanin abin da ya raina. Manoman Mirya da Magarya da Matamai suka koma barin tohon gawo cikin gonaki, suna gyara shi har ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a kudancin Nijar an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi ba da dashe ba, da kulawa kawai. Wannan aikin da talakawa suka yi da gatari da lauje ya fi abin da aka samu daga bukukuwan dashen itace na ran 3 ga Agusta, waɗanda ake yi da kiɗa da jawabi a bar shukar ga awaki.

Mazauna kurmi da ruwa

Mai son ganin yadda bakin tabki yake sa'ad da itatuwansa ke nan cikakku sai ya ƙara gaba arewa da Gidimuni, wajen Damagaram ta Kaya, ya je tabkin Lasuri. Can kwarin cike yake da bagaruwa da gawo da giyayya, sun yi kurmi mai duhu irin wanda ya yi wuyar gani a ƙasar Sahel. Bagaruwa da giyayya ba sa tsoron tsayawa cikin ruwa wata da watanni. Da damina tabkin yakan cika ya shiga ƙarƙashinsu, da rani ya janye ya rarrabu ƙananan kududdufai. Daga bagaruwar nan dukawan Damagaram ke samun abin jimar fata, kuma duk wanda ya san sunan da Zinder ta yi a sana'ar fata ya san ba ƙaramin abu ba ne.

A Lasuri an sha ƙirga tsuntsayen ruwa fiye da 20,000. Mafi yawan hayaniya kirinjijiya ce, agwagwar nan mai farar fuska wadda ke tashi garke-garke tana fito kamar yaran lakwal an tashe su. Ga dinya, babbar agwagwar daji mai ƙaho a fiffike, ga zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran albashi, ga balbela na bin shanu. Irin waɗannan tsuntsaye suna kai da kawowa tsakanin tabkunan yankin, yau nan gobe can, gwargwadon inda ruwa da abinci suke. Shamuwa tana zuwa daga kudu gabanin damina ta yi sheƙa bisa itatuwan cikin gari, ba mai jifarta, don ita ce mai albishir da ruwa. Gauraka kuwa, wadda tsofaffi suka saba jin kukanta a fadamu, ta yi wuyar gani a ƙasar Hausa baki ɗaya: fadamun sun zama gonaki, ita kuma ana kama ta ana sayar wa masu gidajen ƙawa.

Daga watan Satumba zuwa Oktoba wasu baƙi sukan sauko daga nesa. Ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai a Turai da Rasha, sukan ƙetare Bahar Rum da Sahara don gudun sanyi, su zauna har wajen Maris ko Afrilu. Tsuntsun da ya ratso hamada yakan iso a rame, ruwan farko da ya gani shi ne ransa. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu da suka saba gani a shingayen gonakinsu ya ragu ƙwarai cikin shekara guda. Da aka bi sawu sai aka gano farin da ya fara a Sahel ne ya kashe shi. Wannan ya ƙara nuna wa Turawa cewa tsuntsayensu rabin shekara 'yan Afirka ne. Akwai kuma ƙidayar da ake yi a watan Janairu a tabkuna da dama na duniya, har da na Nijar.

A cikin ruwan kuwa, kifayen da suka fi jure halin waɗannan tabkuna su ne tarwaɗa da gaiwa. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska, shi ya sa take rayuwa cikin ruwan da ya yi kauri da laka har wasu kifaye suka mutu. Gaiwa ta fi ta dabara. In ruwa ya fara janyewa sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar ɗan rami na numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, tana cin naman jikinta kaɗan-kaɗan, har ruwan farko ya jiƙa ƙasa ta farka. Masu haƙar laka da rani sukan tono ta da rai. Inda ruwa ke zama duk shekara, kamar Gidimuni, ƙarfasa ma tana samun wurin hayayyafa, kuma ita ce ta fi shiga kasuwa.

Rairayi daga sama, kacala daga ciki

Tabki irin wannan ba ya mutuwa rana ɗaya. Abokin gabansa na farko rairayi ne. In aka sare itatuwan tudu aka kai birni aka sayar, dabbobi suka cinye ciyawa har saiwa, aka nome gangare har bakin ruwa, to iskar hunturu za ta kwaso rairayi ta zuba a kwari, ruwan damina kuma ya yanko zaizaya ya ƙara. Kowace shekara tabkin yana rage zurfi, kuma ruwa mara zurfi ya fi saurin ƙafewa. Wani kaso na itacen girkin da ake saukewa a kasuwannin Damagaram daga irin waɗannan wurare yake fitowa. Uwargidan da ke hura wuta a Sabon Gari ba ta san tana da hannu a zancen ba, kuma ba laifinta ba ne in iskar gas ta fi ƙarfin aljihun maigida, ko da yake matatar SORAZ tana aiki a arewacin birnin tun 2011.

Na biyu kacala ce, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero. Tana son ruwa mara zurfi wanda ba ya janyewa, wato daidai abin da rairayi ke shirya mata. In ta kafa sai ta bazu ta ƙarƙashin ƙasa, ta rufe fuskar ruwa, ta hana masunci jefa taru, ta hana makiyayi kai shanu mashaya, ta zama masaukin sauro da na jan-baki mai cinye gero. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru a Nijeriya sun ɗanɗana kuɗarta: bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sake, kacala ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su. A Gidimuni ma ta sami gindin zama. Yankanta da lauje aiki ne mai wuya, kuma in ba a yanke ta ƙarƙashin ruwa ba sai ta tofo cikin 'yan makonni. A kwarin kogin Senegal, inda ta yi ɓarna bayan madatsar Diama ta 1986, an koyi mai da ita gawayin girki. Ɗan kasuwar da ya iya lissafi zai ga cewa birnin da ke neman makamashi da tabkin da ciyawa ta shaƙe ba su fi tafiyar sa'a guda da 'yan mintoci tsakaninsu ba.

Na uku shi ne ya fi wuyar faɗi, domin alheri ne da sharri a haɗe. Injin ban ruwa ya sauƙaƙa wa mai garka wahalar guga, ya faɗaɗa noman rani, ya riƙe samari da yawa da da sun tafi cin rani Nijeriya ko Libiya. Amma injin daga soso ɗaya yake zuƙa da tabkin. In abin da ake ja ya fi abin da damina ke zubawa, idanun ruwa za su yi rauni, ruwan kanwa ya matso inda na daɗi yake, garkar da ake shayarwa ta fara yin fari-fari a sama. Babu mai iya ce wa manomi ya ajiye inji ya koma guga. Abin da ake iyawa shi ne a riƙa auna zurfin rijiyoyi kowace shekara, a san inda aka kwana. Jami'ar André Salifou tana nan Damagaram da ɗalibanta masu neman abin bincike.

Ran 18 ga Disamba 2019 aka sa tabkin Gidimuni, hekta 338, cikin jerin wuraren ruwa masu daraja ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, rana ɗaya da tabkin Madarumfa na jihar Maraɗi. Lasuri ta riga su shiga tun 2005. Yarjejeniyar, wadda aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971, Nijar kuma ta shige ta a 1987, ba ta hana noma ko su ko kiwo. Tana neman a ci amfanin wuri ba tare da an kashe shi ba. Amma ba ta zuwa da mai gadi, ba ta zuwa da lauje. Suna ne a takarda, aikin kuwa yana wuyan magajin gari da sarakunan gargajiya da ma'aikatan gandun daji, waɗanda sau da yawa ko man babur na zagaya ba su da shi.

Wa zai je shan iska?

Da can masu zuwa kallon irin waɗannan wurare Turawa ne, 'yan yawon buɗe ido da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da madubin hangen nesa a wuya. Wannan kasuwa ta faɗi. Tawayen arewa na 2007, da sace Turawa a Arlit a 2010, da hare-haren Boko Haram a jihar Difa tun 2015, sun kore su daga hanyar gabas. Wanda ya zauna jiran dawowarsu kafin a gyara bakin tabki zai daɗe yana jira.

Baƙon da ya rage shi ne na gida: ɗan kasuwar Dole da ya kwana shida cikin ƙura da lissafi, ma'aikacin da ba ya da inda zai kai iyali ran Lahadi sai gidan suruki, malamin lakwal da ke koya wa yara sunayen tsuntsaye daga littafin da aka buga a Faransa. A ƙasar Hausa fita daji don hutu kawai ba ta cika zama al'ada ba. Daji wurin aiki ne, wanda ya baro shi ya shiga birni ba ya marmarin komawa ya zauna bisa tabarma. Amma Madarumfa ta nuna cewa mutane suna zuwa bakin ruwa in akwai abin da ke kiransu. Can ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabkin ce ke kawo jama'a daga Nijar da Nijeriya, su yi addu'a, su shiga kwalekwale, su ci kifi. A 2006 ma Nijar ta miƙa sunan tabkin da gandun dajinsa da kaburburan ga UNESCO. Gidimuni tana da nata abin kira: inuwar dabino, da ruwa biyun da Abdulkarim ya yi mamakinsu, da babbar hanya a kusa.

Kano ta ba da darasin abin da bai kamata a kwaikwaya ba. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina katafaren otal a bakin tabkin Bagauda, ya yi tashe, sa'an nan ya durƙushe, daga baya aka mai da ginin makarantar horar da lauyoyi. Gidimuni ba ta buƙatar bene. Rumfunan kaba, da masai mai tsabta, da wurin zuba shara don kada leda ta cika ruwan, da kwalekwale biyu ko uku na masuntan garin, da samarin da aka koya musu tarihin wurin da sunayen tsuntsaye, sun isa a fara. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: kuɗin ya tsaya a garin. In wani attajiri ya zo ya kewaye bakin ruwa da waya ya hana mai garka da makiyayi wucewa, to ya sayi rigima, kuma ya kori mutanen da su kaɗai ne za su yanki kacala su hana sare goriba. In kuwa mai rake da mai kifi da mai kwalekwale suka ga jika biyu ko uku na shigowa kowace Lahadi saboda itatuwa da tsuntsaye, ba sai an tara su an yi musu jawabi a kan yarjejeniyar Ramsar ba.

Abu biyu ya kamata mai zuwa ya kiyaye. Bindiga ta zauna gida. Dokar farauta ta 1998 tana nan, kuma harbi ɗaya yakan watsa garken da ya yi makonni yana taruwa. Sa'an nan a hana yara faɗawa ruwa. Ruwan daɗi mai kwanciya, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Tsutsarta ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Tana da magani, ƙwayar Praziquantel, kuma duk yaron da ya yi wanka a tabki daga baya aka ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, kada a ce alamar balaga ce kamar yadda ake faɗi a ƙauye.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suke nan, rake ya nuna, rana kuma ba ta da zafi. Wanda ya bar Damagaram bayan sallar asuba zai isa hantsi bai ɗaga ba, masunta suna fitowa da kamun dare, masu garake suna ta da injuna. A nemi izinin mai garka kafin a ratsa shukarsa, a hau tudu daga gefen da rana take bayan mutum, daga nan ne ake ganin kwarin gaba ɗaya, da iyakar inda kacala ta kai, da inda rairayi ya gangaro ya taɓa dabino.